Mujallar da Ba Ta Karantuwa Sai An Share Tebur

Akwai wata irin mujalla da ba a karanta ta a kwance. Kana buɗe ta za ka tarar da taswira a ninke a tsakiya, da faifan kwali mai ɗauke da 'yan murabba'ai wajen ɗari biyu, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba, sai kuma shafukan dokoki da aka buga da ƙananan haruffa. Sai ka share tebur, ka shimfiɗa taswirar, ka ɓalle kwalayen ɗaya bayan ɗaya, ka nemo ƙwayar ludo mai fuska shida, sannan karatu ya fara. Yaƙin da aka ba ka labarinsa a shafukan farko, shi za ka sake gwabzawa da hannunka, kai da abokin karawa, ko kai kaɗai in ba a samu mai zama ba.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta, kuma na daɗe ina tara irin waɗannan mujallu, yawancinsu tsofaffi da suka girme ni, ta hannun abokai masu dawowa daga ƙasashen waje. Tambayar da aka fi yi mini ita ce: mutumin da yake yini gaban kwamfuta, wanda wayarsa ma za ta iya nuna masa yaƙi da hayaƙi da ƙarar bindiga, me zai kai shi wasa da kwali? Amsata gajeriya ce. A wasan kwamfuta, hukuncin wanda ya tsara wasan yana ɓoye. A wasan mujalla yana shimfiɗe a gabanka, za ka iya sa yatsa a kansa ka ce ban yarda ba.

Asalin abin daga Amurka yake. A 1954 wani mai suna Charles Roberts ya fitar da wasan Tactics, daga baya ya kafa kamfanin Avalon Hill, wanda yake sayar da wasannin yaƙi a cikin akwati. A 1967 kuma wani sojan saman Amurka da ke aiki a Japan, Chris Wagner, ya fara buga wata 'yar mujalla ta masu sha'awar abin, mai suna Strategy & Tactics. Da kuɗi suka yanke masa, sai Jim Dunnigan ya karɓe ta a 1969 a kan dala ɗaya, ya kafa kamfanin SPI a birnin New York, ya zo da dabarar da ta canja komai: kowace fitowa za ta zo da cikakken wasa a cikinta. Na farko shi ne Crete, a fitowa ta 18, kan yadda sojojin laima na Jamus suka kama tsibirin Kirit a 1941. Tun daga nan, duk wata biyu mai biyan kuɗin shekara yakan samu sabon yaƙi a akwatin gidan waya.

Ga yadda wasan yake tafiya, in ba ka taɓa gani ba. An raba taswirar zuwa gidaje masu gefe shida kamar saƙar zuma, don tafiya ta kowace fuska ta zama daidai. Kowane ɗan kwali runduna ce, kuma an buga masa lambobi: ɗaya ta ƙarfin faɗa, ɗaya ta yawan gidajen da zai iya tsallakawa a zagaye guda. Daji da kogi da tudu suna cinye tafiya fiye da fili. In za ka kai hari, sai ka haɗa ƙarfin rundunoninka ka gwada da na mai tsaro. Sha biyu a kan huɗu ya zama uku bisa ɗaya. Sai ka duba wani jadawali, ka jefa ƙwaya, inda lambar ta faɗa nan hukunci yake: mai tsaro ya ja da baya, ko an murƙushe shi, ko kowa ya yi asara, ko kai mai harin ne za ka koma da baya. Ƙwayar ba ta yanke wasan ita kaɗai. Aikinta ta tuna maka cewa ko da ka fi ƙarfi, umarni yakan makara, doki yakan yi tuntuɓe.

Ranar da na fara karanta dokokin SPI, na ji kamar na haɗu da ɗan garinmu a baƙuwar tasha. Redmond Simonsen, wanda yake kula da zane da tsarin bugu a kamfanin, ya sa an jera dokokin da lambobi, babba da 'ya'yanta: doka ta 5.0, ƙarƙashinta 5.1, ƙarƙashin wannan 5.11. In kaza ya faru a yi kaza, sai dai in sharaɗin doka kaza ya cika. Wannan ai manhaja ce tsaf. Bambancin kawai, babu injin da zai gudanar da ita. Kai ne injin. Kai za ka ƙirga, kai za ka duba jadawali, kai za ka aiwatar. Kuma wanda yake aiwatar da doka da hannunsa sau hamsin a dare ɗaya, dole wata rana ya tambayi kansa wa ya kafa ta, kuma don me.

Nan ne daɗin abin yake a wurina. Ɗauki Panzergruppe Guderian, wanda Dunnigan ya tsara, ya fito a 1976 a fitowa ta 57, kan yaƙin Smolensk na 1941 tsakanin Jamus da Tarayyar Sobiyat. A wasan, yawancin rundunonin Sobiyat a kife ake ajiye su, da alamar tambaya a bayansu. Ba wanda ya san ƙarfinsu, har shi mai riƙe da su, sai ranar da suka shiga faɗa aka birkice kwalin. Wani ya fito da ƙarfi kamar dutse, wani ya fito fanko. Littattafai sun sha faɗa mini cewa rundunar Sobiyat ta shiga wannan shekara a ruɗe, da sababbin ɗauka da hafsoshin da ba su goge ba. Na karanta na wuce. Amma daren da na dogara da kwali ɗaya ya tsare mini mashigar kogi, aka birkice shi ya zama ba komai, sai maganar ta zauna mini a ciki. Wannan doka ra'ayi ne game da tarihi, an rubuta shi da lamba maimakon jimla. Kana iya yarda, kana iya musawa, amma ka gan shi ido da ido.

Ba kowace lamba ce gaskiya ba, kuma wannan ma a fili yake. A 1979 SPI ta fitar da The Campaign for North Africa, na Richard Berg. Shi a akwati ya zo, don ya fi ƙarfin mujalla, har an ƙiyasta kammala shi zai ci sa'o'i 1,500. A cikinsa akwai dokar da ta ce sojojin Italiya suna buƙatar ƙarin ruwa saboda dafa taliya. Daga baya Berg da kansa ya ce zolaya ce. To da a cikin manhaja aka binne wannan doka, ɗan wasa zai ga kawai 'yan Italiya suna saurin galabaita a hamada, ya tashi da tunanin haka tarihi ya nuna. Da yake a takarda take, kowa ya gani, ya yi dariya, wanda ya ga dama ya soke ta da biro.

A wurin aiki kullum ina ganin kishiyar wannan. Mukan rubuta manhajar da za ta ba mutum maki, ta ce wannan ya cancanta wancan bai cancanta ba, kuma can cikin rubutun akwai wata lamba da wani ya zaɓa ranar da ya gaji yana son tashi. Mai amfani da manhajar ba zai taɓa ganinta ba. Abin da zai ce shi ne kwamfuta ta faɗa, shi ke nan an rufe magana. Wasannin kwali sun koya mini cewa duk inda ka ga lamba tana yanke hukunci, akwai mutum a bayanta da ya zauna ya zaɓe ta.

Masu sukar wasannin mujalla suna da hujja, ba zan ɓoye ba. Wanda aka ɗora wa fitar da wasa duk wata biyu ba ya samun lokacin gwada shi yadda ya kamata. Wasu sun fito da dokoki masu cin karo da juna, wasu da lambar da aka buga ba daidai ba, wasu kuma ɓangare ɗaya ne ke cin wasa kullum. Shi ya sa fitowa ta gaba takan zo da jerin gyare-gyare, abin da mu a sana'armu za mu kira faci. Wani abokina da muke bugawa tare ya ce shi ya fi son wasan akwati da aka shekara ana gogewa. Ni kuwa na fi son na mujallar duk da ɗinkinsa da ke bayyane. Dalili, wasan akwati dole ya sayu, don haka kullum ana komawa kan yaƙe-yaƙen da kasuwa ta sani: Waterloo, Gettysburg, Normandi. Mujalla kuwa an riga an biya kuɗinta, tana iya kasadar ɗauko yaƙin da ba wanda ya nema. Kuma masu karatu suna da baki a ciki. A zamanin SPI, kowace fitowa takan zo da katin tambayoyi, su ba wasannin da suka fito maki, su zaɓi waɗanda suke so a yi nan gaba, a tattara amsoshin a kwamfuta.

Kamfanin SPI bai yi tsawon rai ba. Bashi ya ci shi a 1982, kamfanin TSR ya karɓe kadarorinsa, ya ƙi amincewa da kuɗin da masu karatu suka riga suka biya, har da waɗanda suka biya na tsawon rayuwa. Da yawa suka yi fushi suka watse. Amma mujallar ta rayu, ta bi hannuwa har ta isa kamfanin Decision Games a 1991, kuma wasu sun bi sawunta, irin su Command a Amurka da Vae Victis a Faransa.

Wannan kasada ta mujalla ce ta kawo abin kusa da gida. A 1991, fitowa ta 144 ta zo da wasa mai suna Chad: The Toyota Wars, kan yaƙin Chadi da Libiya. A 1987 dakarun Hissène Habré, a kan motocin Toyota a-kori-kura ɗauke da makaman fasa tanka da Faransa ta ba su, suka fatattaki sojojin Gaddafi a Fada cikin Janairu, suka kama sansanin Wadi Doum cikin Maris. Ga mai son dabarun yaƙi, labari ne mai daɗin bugawa: sauri ya kayar da ƙarfe.

Wata Asabar ina da taswirar a shimfiɗe a zaure, na kashe fanka don kada ta watsa mini kwalaye, sai wani dattijo maƙwabcinmu ya shigo. Tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana bin hanyar Maiduguri zuwa Gamboru. Da ya ga ƙwayar ludo sai ya tsaya.

“Kai yaro, ba dai caca ka fara ba?”

“A'a Baba, ko sisi ba a sawa. Taswirar Chadi ce, yaƙinsu da Libiya.”

Ya gyara tabarau ya sunkuya, ya bi da yatsa har ya samu Injamena, sannan ya zame kaɗan zuwa tsallaken kogi, inda garin Kusseri na Kamaru yake. Ya ce a 1980, lokacin da aka yi ta ɓarin wuta a cikin birnin, ya ga mutane suna tsallako ruwan nan a kwale-kwale, mata da tabarmi a ka, yara ba takalmi. Ya yi shiru, sannan ya ce, “To su waɗanne ne a cikin 'yan kwalayen naka?”

Ban da amsa, don a galibin wasannin nan kwali na mai riƙe da bindiga ne. Mai noman da aka bi ta gonarsa, da matar da ta kwana a bakin kogi, ba su da lambar ƙarfi, ba su da lambar tafiya. Haka kuma jadawalin faɗa ba shi da layin da zai gaya maka cewa shi Habré ɗin da kake murnar nasararsa, kotu ta musamman a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2016 saboda abin da ya yi wa mutanensa. In yaƙin na Turai ne na shekara ɗari biyu da suka wuce, ba ka jin wannan giɓi sosai. In kuwa wanda ya gani da idonsa yana tsaye a kanka, sai kwalin ya yi nauyi a hannu.

Duk da haka ban naɗe taswirar na jefa a akwati ba, kuma dalilina shi ne wanda na fara da shi. Baba ya iya yin wannan tambaya ne saboda komai na wasan a baje yake, ana iya ƙirga kwalayen a ga wanda babu. Abin da wasa ya bari a waje shi ma hukunci ne na mai tsarawa, kamar dokar taliya, kamar alamar tambayar Smolensk. Kuma takarda tana karɓar gyara. Ni da abokina mun rubuta doka tamu a gefen shafi: duk garin da aka yi faɗa a cikinsa, a aza masa ƙwayar wake, kuma in an tashi ƙirga wanda ya ci, a ƙirga waken a kan su biyun. Dokar ba ta da wata gwaninta, amma tun daga ranar kowannenmu yakan yi jinkiri kafin ya tura runduna cikin gari.

Don haka in irin wannan mujalla ta faɗo hannunka, ko da ta yi ja don tsufa, kada nauyin dokokin ya kore ka. Karanta labarin, buga wasan sau ɗaya yadda aka rubuta shi, ka ba mai tsarawa haƙƙinsa. A karo na biyu ka ajiye biro kusa da ƙwayar ludon.