Turbar Alfadarai Ta Zama Ta Masu Keke A Amurka

Duk wanda ya saba hawan keke a manyan garuruwan ƙasar nan ya san cewa kullum a ɗarare yake tafe, idonsa ɗaya a gaba, ɗaya a kan direbobi. To, a ƙasar Amurka, wadda ta yi suna wajen yawan motoci, akwai wata hanya mai tsawon mil 184 da rabi, watau kilomita 297, wadda doka ta hana mota bi, in ba ta ma'aikatan da ke kula da ita ba. Tsawon nan nata ya zarce tafiyar Kano zuwa Kaduna. Ta tashi daga unguwar Georgetown a birnin Washington, ta bi gaɓar kogin Potomac, har garin Cumberland a Jihar Maryland. Galibinta burji ce da tsakuwa, itatuwa sun rufe ta sama, kogi yana gefe guda, tsohuwar hanyar jiragen ruwa tana ɗaya gefen.

Asalinta ba don masu keke aka yi ta ba. Kogin Potomac yana da duwatsu da gangara, jirgin kaya ba ya iya bin sa. Saboda haka aka yi shawarar a haƙa wani kogi da hannu a gefensa, irin abin da manoman rani na Kadawa ke kira kanal, sai dai wannan na jirage ne. Nufinsu shi ne a haɗa bakin teku da kogin Ohio, shi ya sa aka raɗa masa suna Chesapeake da Ohio. Ran 4 ga watan Yuli 1828 Shugaban Ƙasa John Quincy Adams ya sara ƙasa da kansa aka soma aiki. A wannan rana kuwa, can a birnin Baltimore, wani kamfani ya aza harsashin hanyar jirgin ƙasa wadda ita ma yamma ta nufa.

Leburori daga Ailan da Jamus, da bayi baƙaƙen fata da aka yi haya daga iyayen gijinsu, su suka yi haƙar da diga da shebur. Annobar kwalara ta 1832 ta kashe da yawa daga cikinsu, kuɗi suka riƙa yankewa, ga kuma shari'a da kamfanin jirgin ƙasa a kan wani matsattsen wuri tsakanin dutse da kogi. Jirgin ƙasa ya isa Cumberland a 1842, kanal bai isa ba sai 1850. A nan ya tsaya cak, bai taɓa ganin kogin Ohio ba.

Duk da haka ya yi shekara 74 yana jigilar kwal daga duwatsun Maryland zuwa Washington. Jiragen ba su da inji, alfadarai ke jan su da doguwar igiya, suna tafe a kan turbar da aka yi musu a bakin ruwa. Jirgi guda yana ɗaukar kwal fiye da tan 100, tafiyar kuwa takan ci wajen mako guda. Mai jirgi da iyalinsa a ciki suke kwana, yara su ne masu kora alfadarai, akwai ma turke a goshin jirgin inda waɗanda suka gaji ke hutawa. Da yake Cumberland ya ɗara Washington tudu da ƙafa 605, sai aka gina matakalar ruwa guda 74. Kowace kamar ɗaki ce na dutse mai ƙyaure gaba da baya. Jirgi ya shiga a rufe, a sako ruwa ya ɗaga shi kimanin ƙafa 8, sa'an nan a buɗe gaba ya wuce.

Ambaliya ce ta ga bayansa. Ta 1889 ta karya kamfanin har ya faɗa hannun abokin gabarsa na jirgin ƙasa, ta 1924 kuwa ta rufe shi ɗungum. Gwamnatin Tarayya ta saye shi a 1938, daji ya ci gaba da cinye shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kawo shawarar a shimfiɗa kwalta a kansa domin masu motoci su riƙa shan iska, kuma a cikin watan Janairu 1954 jaridar Washington Post ta goyi bayan haka.

Wani alƙalin Kotun Ƙoli mai suna William O. Douglas ya ce bai yarda ba. Ya rubuta wa jaridar wasiƙa, ya ƙalubalanci editocinta su zo su taka turbar da ƙafa tare da shi, su ga abin da za a rasa kafin su yanke hukunci. Suka amsa. Ran 20 ga watan Maris aka tashi daga kusa da Cumberland, aka yi kwana 8 ana tafiya cikin sanyi, mutum 9 kaɗai suka taka ta tun daga farko har ƙarshe, alƙalin yana cikinsu. Gani ya kori ji, jaridar ta sassauta ra'ayinta. Amma sai da aka ƙara shekara 17 ana ja-in-ja, kana Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta mai da wurin gandun tarihi na ƙasa a watan Janairu 1971.

Mai keken da ya bar Georgetown da safe, kafin hantsi ya iso Great Falls, wajen mil 14, inda kogin ke zubowa tsakanin duwatsu da ruri. Daga nan gidaje suke raguwa, daji ya karɓa. A wasu wurare kanal yana da ruwa, kunkuru na shan hantsi a kan kututture, zalɓe na tsaye yana dakon kifi. A wasu wuraren kuwa ya ƙafe, itatuwa sun girma a tsakiyarsa, barewa na gilmawa. A mil 42 akwai gadar Monocacy mai baka 7, wadda aka gina da dutse domin ruwan kanal da jiragensa su haye wani kogi ta sama. Irin waɗannan gadoji 11 aka gina. Wajen mil 60 ana hango garin Harpers Ferry a ƙetare, inda John Brown ya kai farmaki ma'ajiyar makamai a 1859 da niyyar 'yanta bayi.

Abin da ya fi tsaya wa matafiya a rai shi ne ramin Paw Paw, wajen mil 155, a gefen gandun dajin Green Ridge. A nan kogin ya yi ta lanƙwasa har mil 6, sai magina suka huda dutse suka miƙe. Tsawon ramin ƙafa 3,118 ne, ya ci shekara 14 da jan bulo kusan miliyan 6. Ba fitila a ciki, ruwa na ɗiga daga sama, turbar kuwa siririya ce, sai mutum ya sauka ya tura kekensa da tocila a hannu. Sunan ramin na wani ɗan itace ne da ke tsiro a wurin, wanda dangin gwandar daji ne.

Kowane mil 5 zuwa 7 akwai zango na kyauta, da wurin kafa tanti, da makewayi, da famfon tuƙa-tuƙa, ko da yake ruwan sai an tace ko an tafasa. An kuma gyara wasu gidajen masu tsaron matakala ana ba da hayarsu. Ƙa'ida ita ce kada gudu ya wuce mil 15 a sa'a, a kuma kaɗa ƙararrawa kafin a wuce mai tafiya a ƙasa. Keke mai faɗin taya ya fi dacewa, domin in aka yi ruwa taɓo yakan yi yawa, ga saiwoyi sun gilma hanya. Masu hanzari sukan gama a kwana 3.

Tafiya ba ta ƙare a Cumberland ba. Jirgin ƙasa shi ma zamani ya juya masa baya, a cikin shekarun 1970 aka yi watsi da layin Western Maryland mai hawa duwatsu. Aka ɗebe ƙarafan, aka zuba niƙaƙƙen dutse, aka sami hanyar Great Allegheny Passage mai mil 150, wadda aka kammala a 2013. Tana hawa a hankali har ƙafa 2,392, ta ratsa ramin Big Savage da dajin Ohiopyle, ta gangara birnin Pittsburgh, daidai inda koguna biyu suka haɗu suka zama Ohio. Ke nan inda masu kanal suka yi burin kaiwa a 1828 suka kasa, yau mai keke yana isa bayan kimanin mil 335, ba ya haɗuwa da mota sai a 'yan wuraren da ake ƙetare titi ko a ratsa gari.

Kogin Potomac dai bai sake hali ba. A 1972 ya cika ya ɓarke turbar, a 1996 ma sau biyu ya yi haka, kuma kowane karo sai da ma'aikata da 'yan sa kai suka sake cike ta. Saboda haka mai niyyar zuwa ya fara tambayar halin da hanya ke ciki. Watan Mayu da na Oktoba sun fi daɗin tafiya, a hunturu kuwa ana rufe ramin Big Savage, a kuma cire hannun famfunan saboda ƙanƙara.