Kwatano ko Lome?

'Yan uwa, ni mutumin Galmi ne, mai sai da albasa. Shekara shida ina cin rani bakin teku. Bana na ƙudura in kai iyali mu zamna. Garuruwa biyu na auna: Kwatano da Lome.

Duka biyu sefa ake kashewa, kamar gida. Kowane da Zongo da masu jin Hausa. Talaka na iya biyan haya in ya fita bayan gari.

Kwatano ta fi kusa. Amma da damina ruwa kan cika unguwanni, kuma a 2023 an rufe iyakar Gaya. Lome kuwa, tun 1977 aka fidda Zongo bayan gari, zuwa kasuwa sai da kuɗin mota. Hanyarta ta Burkina doguwa ce, ga rashin tsaro.

Uwar ɗiyana ta ce: "Maigida, in Inna ta kwanta ciwo, daga ina za ka fi saurin isa?"

Daga Kwatano ne, ko da kwalekwale zan haye Kwara. Can muka kama ɗaki bisa tudu.

Mai niyya, kada ka dubi arahar haya kaɗai. Auna hanyar komawa gida.