Sirrin Majinyaci Amana Ne a Wuyan Mai Magani

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, mu mutanen karkarar arewacin Kano ne, ƙasar Dambatta da Makoɗa da Kunci, inda gona ke jingine da gona, darnin wannan gida yana taɓa na wancan, in aka yi atishawa a wannan zaure sai a amsa a na gaba. Wannan kusanci ni'ima ne ranar gayya da ranar jana'iza, amma yana iya zama fitina ranar da mutum yake bukatar a rufa masa asiri.

A kakar bara, bayan sallar isha'i, wani manomi da muka daɗe muna sahu ɗaya da shi ya biyo mu zaure, ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, na yi rantsuwa ba zan ƙara taka asibiti ba, ko da zan mutu." Muka tambayi dalili. Ashe ya je wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi, aka auna jininsa, sai ma'aikacin ya leƙo baranda cike da jama'a, ya kira sunansa, ya ce masa yana da ciwon hanta. Kafin ranar kasuwa labari ya game gari. Abokan cin tuwonsa suka janye hannu daga akushi, masu neman auren 'yarsa suka ɗauke ƙafa, alhali kuwa likitoci sun tabbatar irin wannan ciwo ta hanyar jini da saduwa da haihuwa yake yaɗuwa, cin abinci tare ba ya kawo shi. Muka nuna masa ya yi kaffarar rantsuwarsa ya koma neman magani, ya koma, amma sai da ya zaɓi tafiya har birnin Kano, inda ba wanda ya san shi, da kuɗin motar da ya ci masa buhun gero.

To, lalle ne mu gane cewa abin da majinyaci ya buɗe wa mai magani, na jikinsa ko na gidansa, ajiya ce, ba don sha'awa ya ba da ita ba, larura ce ta tilasta shi. Allah Ya hana mu binciken aibobin juna da giba a Suratul Hujurati, Ya kuma umurce mu da mayar da amana ga ma'abotanta a Suratun Nisa'i. Malaman ɗibbu na farko sun san haka. Ishaƙ ibn Ali al-Ruhawi, a ƙarni na 9 na Miladiyya, ya wallafa Adabuɗ Ɗabib a kan halayen da suka wajaba ga likita. A zamaninmu kuwa, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zauna a Barunai a 1993, ta yanke cewa asali shi ne haramcin tona sirrin majinyaci, sai fa in ɓoyewar za ta jawo cutar da ta fi ta bayyanawa, kamar annobar da za ta afka wa jama'a, ko kuwa shi mai sirrin ya yarda.

Dokar ƙasa ma a nan ta dace da shari'a. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce duk bayanin lafiyar mutum sirri ne, ba a fitar da shi sai da izninsa a rubuce, ko da umurnin kotu, ko in yin shiru zai jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. A 2018 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata, wanda ya tabbatar wa mai jinya haƙƙin a yi masa bayani da harshen da yake ji, a gaya masa kuɗin magani a fili, a nemi yardarsa kafin a yi masa aiki. Mu Kanawa mun san tsadar wannan yarda. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara wajen 200 lokacin sanƙarau na 1996 ya bar tabo a zukata, har ya zama ɗaya daga cikin dalilan da suka sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003. In aminci ya karye, mutane sukan gudu daga maganin da zai cece su.

Har wa yau, kada mu malamai mu ɗauka wa'azin na ma'aikatan asibiti ne kaɗai. Tun 2024 Jihar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure, watau na sikila da ciwon hanta da ƙanjamau, saboda haka takardun sakamako suna ratsawa ta hannun limamai da waliyyai. Mu kanmu mun taɓa riƙe irin wannan takarda a gaban taron ɗaurin aure, muka ji idanu a kanmu suna jira. Tun daga ranar muka ɗauki ƙa'ida: a kawo takarda kwana biyu kafin taro, mu duba mu kaɗai, in akwai magana a yi ta da ango da amarya da waliyyansu a cikin ɗaki. In aure ya fasu, ya isa a ce Allah bai yi ba.

Saboda haka muna kira ga masu kula da ƙananan asibitocinmu, a keɓe ɗaki mai ƙofa don ganin majinyaci, a kulle katunan jinya, a daina ɗaukar hotonsu a waya, ma'aikaci kuma ya bar abin da ya gani a wurin aiki, kada ya kai shi majalisar shayi ko ɗakin matarsa. Mu kuma masu zuwa dubiya mu yi addu'a mu tashi, mu bar tambayar "me likita ya ce?"

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.