Gidan Ƙadiriyya na Kabara

Mai zuwa Kano daga Adar, ko daga Keita ya taso ko daga Ibohamane, idan ya tambayi Gidan Ƙadiriyya ba zai sha wuya ba. Yana Unguwar Kabara, dab da gidan Sarki, kuma kowane mai adaidaita sahu ya san shi. A nan Sheikh Muhammadu Nasiru Kabara ya zauna yana karantarwa har rasuwarsa a 1996, ɗansa Sheikh Ƙaribullah ya gaje shi.

Da dare na isa, na tarar da mi'adi ya kankama. Muridai sun yi sahu-sahu, masu bandiri na gefe, mai bege yana jan baiti, jama'a na amsawa da kalmar shahada. A hankali aka fara, kamar tafiyar raƙumi. Can sai kiɗan ya ƙara sauri, kalmomi suka gajarce, aka koma ambaton Allah kaɗai, daga bisani aka shiga anfasu, inda numfashi ke fita daga ƙirji a tare. Wani dattijo kusa da ni, wanda ya shigo yana dogara sanda, ya jingine ta, idonsa a rufe, hawaye na bin gemunsa. Attajiri da ɗan dako kafaɗa da kafaɗa, babu mai lura da rigar wani.

Baƙo yakan ɗauka bandirin shi ne ɗariƙar. Ba haka masu ita suka ɗauke ta ba. Abin da suke kira suluki aiki ne na kullum: wuridi bayan sallolin farilla, istigfari, salatin Annabi, da yaƙi da son rai a ƙarƙashin tarbiyyar shehi. Burin shi ne wusuli, bawa ya kai matsayin da ba ya ganin kansa a cikin ibadarsa. Silsilar Ƙadiriyya tana komawa ga Sidi Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a Bagadaza a 1166, kuma ita ce ɗariƙar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Neman Ubangiji ta hanyar ambato ba a Musulmi ya tsaya ba. A Panjab ta Indiya, mabiya addinin Sikh, masu rawanin nan da muke gani a finafinai, suna bin Guru Nanak da aka haifa a 1469. Su ma suna cewa ganin kai ne shamakin da ke tsakanin mutum da Mahaliccinsa, maganinsa kuwa yawan ambaton Sunansa, da cin guminka, da raba abin hannunka da wasu. Aƙidarsu daban take da tamu, amma littafinsu mai tsarki ya ƙunshi baitocin wani sufi Musulmi, Baba Farid.

A nan gida kuwa, ba kowa ya yarda da bandiri ba. Malaman Izala, tun kafuwarta a Jos a 1978, suna kiransa bidi'a, Ƙadirawa kuma suna da hujjojinsu. Ni dai ina ganin bai dace mutum ya yanke wa masu zikiri hukunci daga nesa ba, bai taɓa zama cikinsu ba.

Mai son ganin taron a cikarsa ya zo a watan Rabi'us Sani, lokacin Maukibi, ranar da muridai ke fitowa da tutoci daga Kabara su nufi ziyarar makwantan waliyyan Kano.