Ruwan Farko da Amanar Damina a Ƙasar Batsari da Safana

Daga Ruma ta ƙasar Batsari har zuwa Runka ta ƙasar Safana, tambaya guda ce ke raba kan magidanta a ƙarshen bazara: ruwan da ya sauka daren jiya na shuka ne, ko na kwantar da ƙura? A wannan yanki damina takan kankama tsakanin ƙarshen Mayu da watan Yuni, ta ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Wanda ya yi jinkiri, kwanaki sun ƙure masa. Wanda ya yi gaggawa kuma, yana iya binne irinsa a ƙasar da za ta tsirar da shi sannan ta ƙone shi.

Akwai wani dattijo a ɗaya daga cikin ƙauyukan nan da ya yi noma a farin 1973, ya sake yi a na 1984. Tun daga lokacin ya daina yarda da ruwan farko, komai ƙarfinsa. Da asuba yakan je bayan gida ya tona jigawa da hannu. In danshi ya tsaya iyakar yatsu, sai ya mayar da ƙasa ya koma gida bai ce uffan ba; in ya wuce wuyan hannu, sai ya fara lissafi. Yakan lura da iska, ko ta juya ta tabbata daga kudu maso yamma, domin ta can laima take zuwa, ko da yake hadarin kansa daga gabas yake tasowa. Dawowar shamuwa da zubar ganyen gawo shaidu ne a wurinsa, amma ba ya yanke hukunci da bakin shaida ɗaya.

Ɗansa, wanda ya yi karatun aikin gona, ya taɓa kawo masa hasashen da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara. Ya kuma bayyana masa ma'aunin da masanin yanayi Sivakumar ya gabatar a 1988, yana cibiyar ICRISAT da ke kusa da Yamai: damina ta fara in an samu ruwa milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi farin da ya wuce kwana bakwai ba a kwana talatin masu biyowa. Dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To, wa zai gaya mani labarin kwana talatin ɗin tun yau?" Ɗan ya ce, "Baba, ai sai an gani." Ma'aunin ingantacce ne, sai dai ya fi amfanar mai nazarin daminar da ta wuce a kan mai riƙe da sungumi.

Ba mazauna Sahel kaɗai ke neman auna amanar sama ba. A tsaunukan Suwizalan, inda garuruwa ke cin abinci da baƙi masu zuwa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, ana kiran wuri amintacce in dusar ta kai kaurin santimita 30 har kwana 100 a lokacin sanyi, a shekara bakwai cikin goma. Hikimar da ke ciki ita ce ba a duban zubowar dare ɗaya, tarihin wurin ake tambaya, da tsayinsa, da fuskar da gangarensa ya kalla. Haka dattijon ya san gonakinsa: wadda ke riƙe danshi, da wadda ke bushewa kafin azahar. Bambancin shi ne baƙon Turai in dutse ya ci amanarsa, sai ya nufi wani mafi tsawo.

A da, manomin yankin ma yana da irin wannan mafita. Yakan yi binne a jigawar nesa, ya jira da dawa a ƙasa mai nauyi, ya ajiye fadama don ko-ta-kwana. Ruwan farkon damina kuwa zaɓe yake yi, ya jiƙa wannan unguwa ya tsallake waccan, saboda haka warwatsa gonaki shi ne garkuwar talaka. Rashin tsaron da ya addabi ƙauyukan bakin dajin Rugu ya karya wannan garkuwa. Gonakin nesa da yawa sun koma saura, kuma fita sake shuka, wadda da asarar tiya biyu ce kawai, yanzu tana iya zama kasada da rai. A nan ne hasashen hukuma ya kamata ya sauko daga matakin ƙaramar hukuma zuwa na gunduma, cikin Hausa, ta rediyo, kuma ya fi ba da ƙarfi ga gargaɗin tsaikon ruwa a makonnin farko.

Gona ɗaya ta rage wa dattijon, wadda ana hango rufin gari daga cikinta. Ya raba irin geronsa kashi uku: ɗaya ga ruwan da ya wuce wuyan hannu, ɗaya ga wanda zai biyo baya in ya zo cikin mako guda. Na ukun yana rataye a rumbu cikin tsohon buhu, kuma ya hana kowa a gidan taɓa shi sai Yuli ya kama.