Wat Po: Inda Ake Tausa da Tufafi a Jiki

A tsohon garin Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, dab da fadar sarki kuma kusa da kogin Chao Phraya, akwai wurin ibadar mabiya Buda da ake kira Wat Po. Yawancin baƙi kan je ne don ganin gunkin Buda da ke kishingiɗe, mai tsawon mita 46. Amma a cikin harabar akwai ɗakunan tausa da mutane ke bin layi don shiga tun safe har yamma.

Tausa ta daɗe a wurin. A shekarun 1830 Sarki Rama na Uku ya sa aka sassaƙa ilimin maganin gargajiya a kan allunan dutse, aka kafa su a bango domin kowa ya karanta. Har yau ana ganin zanen jikin mutum da layuka da ɗige-ɗige masu nuna inda ake dannawa. A 1955 aka buɗe makarantar maganin gargajiya da tausa a nan, sannan a 2019 hukumar UNESCO ta sanya tausar Tailan cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Abin da zai fara ɗaukar hankalin baƙo shi ne tsarin ɗakin. Gadaje ne a jere, kowa na ganin kowa. Ba a tuɓe tufafi, ba a kuma shafa mai a irin wannan tausa. Da tafin hannu da babban yatsa da gwiwar hannu ake danna jiki, a miƙar da gaɓoɓi. An rubuta kuɗin rabin awa da na awa ɗaya, mutum ya san abin da zai biya kafin ya kwanta.

Wannan tsari yana kare mutum biyu. Wanda ya kwanta ya ba da amanar jikinsa, ga shi ba ya cikin halin kare kansa. Mai tausa kuma, galibi mace mai neman abincinta, tana buƙatar kariya daga wanda ya shigo da wata manufa. Tailan ta san wannan matsala sarai, domin akwai gidajen da ke fakewa da sunan tausa suna karuwanci, abin da ya shafa wa sana'ar kashin kaji. A 2016 ƙasar ta yi dokar da ta tilasta wa gidajen tausa samun lasisi, ma'aikatansu kuma su yi rajista.

Akwai wata iyakar da ido ba ya gani, wato ta lafiya. Ƙwararren mai tausa kan yi tambaya kafin ya taɓa mutum. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin na iya samun taruwar jini a ƙarƙashin fata idan aka danna shi da ƙarfi. Ƙafa ɗaya da ta kumbura tana zafi na iya zama alamar gudan jini a jijiya, kuma murza ta na iya tura gudan zuwa huhu. Mai ciki da mai raunin ƙashi su fara tuntuɓar likita. Mai tausa kuma ba shi da hurumin cewa a daina shan maganin asibiti.

Yanzu da gidajen tausa ke ƙaruwa a Abuja da Legas, har ma da masu zuwa gida, ma'aunin Wat Po zai yi mana amfani. Uwargida, ki tambayi inda mai tausar ta yi karatu, ki nemi mace idan haka ya fi kwanta miki a rai, ki kuma faɗi sassan jikin da ba ki yarda a taɓa ba. Duk inda ba a aiki a kai ya kasance a rufe. Idan yaro ne ko tsoho, wani na gida ya zauna a ɗakin. Da zarar kin ce a tsaya, dole hannu ya tsaya, ko da saura minti ashirin a kuɗin da kika biya.