Da me ake goge dutse?

Yara, duk wanda ya tashi a Damagaram ya san dutse. Ga su nan manya-manya a Birni, wani bisa wani, kamar wani ƙato ne ya jibge su ya tafi. Awaki na hawansu, ku ma kuna hawansu in an tashi daga lakwal. Amma kaɗan ne cikinku suka taɓa ganin launinsu na gaskiya, don rana da ƙura sun rufe musu fuska. Ku ɗauki ɗan guntu ku zuba masa ruwa. Za ku ga ja-ja, da fari, da baƙin ɗigo-ɗigo. Da ruwan ya bushe, sai launin ya ɓuya.

Abin da nake yi ranar lahadi da lokacin hutu shi ne in sa launin nan ya tsaya ko babu ruwa. Ina goge duwatsu. Ba sana'ata ba ce. Sana'ata ita ce wadda kuka sani, alli da allo. Wannan sha'awa ce kawai, kamar yadda wani ke kiwon tantabara.

Me ya sa ruwa ke fito da launi? Fuskar dutse cike take da ƙananan ramuka da zane-zane. In haske ya faɗa musu sai ya watse ko'ina, dutsen ya yi fari-fari. Ruwa yana cika ramukan, fuskar ta yi sumul. Aikin mai goge dutse shi ne ya rage ramukan nan, ya yi ta rage su, har su fi ƙarfin ido. Iyayenmu mata suna yin akasin haka. In dutsen niƙa ya yi santsi ya daina cin gero, sai a sa makoɗi a koɗa shi, ya koma kaushi. Su kaushi suke nema, ni santsi.

Dutse ba ya jin abin da bai kai shi tauri ba. A shekara ta 1812 wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai daga 1 zuwa 10, kowane yana iya karce wanda ke ƙasansa. Farcenku yana wajen 2 da rabi. Wuƙa da gilashi suna wajen 5 da rabi. Daimon shi ne 10. Dutsenmu na Damagaram, wanda ake ce wa giranit, ba abu ɗaya ba ne, abu uku ne a cakuɗe. Ja-jan nan sunansa feldisfat, taurinsa 6. Mai haske kamar ƙanƙara shi ne kwarts, taurinsa 7. Baƙin ɗigon mai ƙyalli, mika, bai wuce 3 ba. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Kafin a yi zancen ƙyalli, sai an daidaita fuskar dutsen. Nakan sami guntun gilashi mai kauri, in ɗora shi bisa katako shimfiɗaɗɗe. In shimfiɗa baƙar takardar gugan nan ta masu fentin mota, wadda ruwa ba ya ɓata ta. Baƙin garin da ke jikinta ba yashi ba ne. Wani Ba'amurke, Edward Acheson, ya fara haɗa shi a 1891, kuma taurinsa ya wuce 9. Ku juya takardar, za ku ga lamba a bayanta. Ƙaramar lamba kaushi, babbar lamba laushi. Ina farawa da 80, sai 220, sai 400, sai 600, sai 1200. Ina zuba ɗan ruwa, in yi ta juya dutsen kamar mai rubuta 8. Kafin in fara, nakan ja layuka da fensir a fuskarsa. In layukan duka sun goge, fuskar ta daidaita. In wani ya saura, akwai kwari a wurin.

Wanda ba shi da takarda, yashi ma yana yi, don yashi kwarts ne. Da shi Misirawan dā suka goge giranit na Aswan. Sai dai aikin yana da nawa, yau da gobe ce ke sa allura haƙa rijiya. Ga yadda ake raba mai kaushi da mai laushi: a daka yashi, a zuba cikin kwalba da ruwa, a girgiza. Manyan ƙwayoyi su ne ke fara nutsewa. A ƙirga goma, a tsiyaye ruwan cikin wani kwano, a bar shi ya kwanta. Abin da ya kwanta a kwano na biyu ya fi na kwalba laushi.

Bayan lamba 1200 dutse ya yi santsi a hannu, amma bai yi ƙyalli ba. Nan ne ake zuwa ga magogi, kuma nan ne masu wannan sha'awa ke gardama. Wani ya ce fata, wani ya ce ulu, wani ya ce katako. Abin da na gani shi ne: magogi ba shi ke cin dutse ba. Fata ba ta kai ko farce tauri ba, ina za ta ci kwarts? Aikinta ta riƙe garin gogewa. Gari ne mai laushi kamar hoda. Wanda ya fi suna shi ne garin seriyam, mai launin ƙasa-ƙasa, wanda ake goge gilashi da tabarau da shi. Akwai kuma farin garin alumina. Magogi shi ne tire, gari shi ne kaya.

To, in haka ne, me ya raba wannan magogi da wancan? Tauri da laushi.

Mu fara da ulu. Tsohuwar jar dara, irin wadda dattawa ke sawa, ulu ne da aka danne har ya zama kamar fata. In an yanka ta an shafa mata garin seriyam, tana fito da ƙyalli da sauri a kan dutsen da jikinsa duka abu ɗaya ne, kamar farin kwarts ko tsakiya irin ta sarƙar kakanninku. Amma ku gwada ta a kan giranit ku gani. Ulu yana lotsawa. Yana shiga duk inda ya sami laushi. Sai ya haƙe baƙin mika ya bar kwarts a tsaye, fuskar da kuka sha wahalar daidaitawa ta koma gargada kamar ɓawon lemo. Gefen dutsen ma yana dagargajewa ya zama kewayayye.

Sai fata. Nan mu a Damagaram mun yi sa'a, gari ne na majema da dukawa. Ragowar fatar akuya da aka jeme da bagaruwa ba ta da wuyar samu, in ka gaida baduku da ladabi. Ita na fi so, amma da sharaɗi. Ta zama siririya, a manne ta da danƙo bisa katako mai lebur, cikinta mai gashi-gashi yana sama, don shi ke riƙe gari. Siririyar fata bisa abu mai tauri ba ta lotsawa sosai. Ƙirgi mai kauri, ko fata ninki biyu, halinsu ɗaya da ulu.

Katako kuwa shi ne tsohon hannu. A Kirtashi, bakin kogin Kwara kudu da Yamai, a dā an daɗe ana haƙo wani jan dutse da ake kira lantana. Fatake Hausawa ne ke kai shi Ilori, ƙasar Yarbawa, a ƙarni na 19. Can ake sassaƙa shi, a huda, a goga bisa dutse, a ƙarasa shi bisa allon katako, ya zama tsakiyar sarakuna. Haka ma a Idar-Oberstein ta ƙasar Jamus, inda aka yi talhatina da yawa irin wadda Buzaye da matan ƙasarmu ke ratayawa. A dā ma'aikatansu kwanciya suke rub da ciki gaban wani babban dutsen wasawa da ruwan rafi ke juyawa. In sun gama, sai su goge a kan gangar katako da gari mai laushi. Tsakanin Ilori da Jamus akwai hamada da teku, amma duka biyu katako suka zaɓa wa dutse mai tauri. Yana da jinkiri, sai dai ba ya ɓata lebur.

Yadi mai kauri, kamar tamfol ko tsohon wandon jin, yana yi wa duwatsu masu laushi. Ban ba shi muhimmanci ba. Akwai kuma na zamani: faifai na roba da aka cusa wa garin daimon, wanda masu aikin karo da marmara ke liƙa wa inji, lambarsa daga 50 zuwa 3000. Wannan ba ya bukatar gari, da kayansa ya zo. Yana da kyau, yana da tsada, kuma injin ba abin wasan yara ba ne.

Kowane kuka zaɓa, magogi ɗaya gari ɗaya. A ajiye shi cikin leda a ɗaure, musamman lokacin hunturu, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ja zane a fuskar da aka kwana uku ana gogewa. A wanke dutse da hannuwa duk lokacin da za a canja lamba. Kuma magogi ba ya gyara abin da aka tsallake. Wani ɗan ajina ya tashi daga 220 ya faɗa wa fata, ya yi ta guga har hannunsa ya yi zafi. Dutsen ya yi ƙyalli, amma zane-zanen 220 suna nan, har sun fi fitowa. Na ce masa ya bar dutsen ya bushe ya duba shi a rana. Ya duba, ya koma 400 da kansa.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan nauyi. Kada ku goge dutse a bushe, ko sau ɗaya. Ƙurar kwarts in ta shiga huhu ba ta fita. Tana sa huhu ya yi tabo, numfashi ya gajarta, kuma har yau ba a sami maganin da ke mai da shi yadda yake ba. A garin Khambhat na ƙasar Indiya, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana aikin tsakiya, ciwon nan ya kashe ma'aikata da yawa masu gugan dutse a bushe bisa inji. Masu fasa tsakuwa a bayan garinmu irin wannan ƙura suke shaƙa. Na san ruwa yana da daraja a Damagaram, dutsen nan da gari ke zaune a kai shi ke hana rijiya ruwa. Amma moɗa ɗaya ta ishi aikin yini. In an gama, a zubar da laka tun tana ɗanya, kada ta bushe iska ta ɗauka.

Wani lokaci a gona za ku tsinci dutse gogagge mai baki kamar gatari, wanda ake ce wa gatarin aradu. Ba aradu ce ta jefo shi ba. Mutane ne suka goge shi da yashi da ruwa, shekaru dubbai kafin a san ƙarfe. Wannan kada ku sa masa takarda ko fata. Dokar ƙasa ta 1997 ta kare irin waɗannan kayan tarihi. Ku lura da wurin da kuka same shi, ku kawo wa mushe.

Wanda zai fara, ya nemi dutse kamar girman akwatin ashana, mai fuska ɗaya da ta kusa lebur, ba mai tsaga ba. Babba yana cin takarda, ƙarami ƙwarai kuma yana sa a goge farce maimakon dutse. Farin kwarts ya fi giranit sauƙin ƙyalli. Bayan ruwan sama ya fi kyau a fita nema, lokacin da kowane dutse ke nuna launinsa.